Daga Yau Ba Na Daka

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai mata. Na dawo gida Yakasai hutu da damina, na tarar da gidanmu ya koma kamar kasuwa. Yayana zai yi aure kafin azumi, ga kuma zaɓe a gaba, wanda aka ce har mu mata za mu fita mu jefa ƙuri'a. A zaure maza suna ta musu a kan jam'iyyu, kalmar 'yanci ba ta faɗuwa ƙasa. A cikin gida mata suna tuyar alkaki da dubulan, su ma suna nasu musun, ko za a bar mace ta shiga rumfar zaɓe da lulluɓinta, ko lalle zai hana tawada kama yatsa. Kowa a gidan, kansa na rawa, ni kuma nawa ya fi na kowa, don na zo da wasan kwaikwayo da na rubuta da hannuna.

Malamarmu ta Turanci ce ta jawo. Ta karanta mana wani littafin labari a kan baƙar fata da aka kwasa a jirgin ruwa aka kai su ƙasar Turawa bauta. Muka yi ta kuka a aji har da majina. Daga nan ta ce kowace ta rubuta wasa a kan bauta da harshenta, ta gwada shi a gida in ta samu hali. Ni na rubuta nawa da Bature mai bulala, da gonar rake, da baiwa mai kuka tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganin teku ba, amma na sa shi a ciki har da igiyar ruwa.

Na ce wa Umma ina so mu yi shi ranar yinin biki, a tsakar gida, mata zalla. Ta ce in dai ba zai hana ni wanke-wanke ba, in je in nemi masu yi.

Wadda ta fara amsawa Goggo ce, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Fara ce tas, doguwa, kuma tana sane da hakan. In ana hira ba ta rasa hanyar da za ta bi ta ambaci dogon hancin gidanmu. Da na ce ina neman Bature, ba ta bari na rufe baki ba.

"Wa kike da shi a gidan nan da ya wuce ni? Ko hoda ba sai na shafa ba."

Amma ta shafa. Ta sa ni na kwaɓa mata farar ƙasa, ta ari tsohon kwat ɗin yayana da malafar mai kawo mana ruwa, ta riƙe muciya a matsayin sanda. Turancinta bai wuce kalma uku ba, da su ta yi ta zagaya rijiya tana daka wa kaji tsawa ta hanci. Matan da ke tuya suka yi ta dariya har alkaki ya ƙone a kasko. Umma ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana share hawaye da gefen zane.

Matsala ta taso da aka zo neman baiwa. 'Yan matan gidan kowace ta noƙe. Ɗiyar kawuna, wadda ta fi mu duhun fata, ta ga idanu sun fara karkata wajenta, ta ce in aka kuskura aka kira sunanta za ta tattara ta koma Kabara gidan kakarta har a gama bikin. Wata ta ce ita saurayinta zai ji labari. Na tsaya da takarda a hannu, ga Bature ya shirya, babu wanda zai daka.

Duk wannan Iya tana zaune a gaban kasko tana kallonmu. Iya tsohuwa ce, ta kai saba'in a lokacin, gajera, baƙa, mai ƙananan idanu da ba sa barin komai ya wuce. Duk unguwar ita ake kira in za a yi alkakin biki. A gidanmu aka haife ta, ta yi aurenta ta dawo, ɗakinta shi ne na kusa da rijiya. Kowa ya san mahaifiyarta baiwa ce, kakar Baba ce aka saya wa ita a kasuwa tana yarinya. Mun sani kamar yadda muka san inda rariyar gidan take. Ba a ɓoyewa, ba a kuma zancen.

Ta tsame alkaki daga mai, ta ce, "Malama ƙarama, wannan Baturen naki a ina gidansa yake?"

Na ce, "Can bayan teku, Iya."

"Da nisa. Shi ya sa ba ki samu baiwar da za ta bi ki ba." Ta miƙa wa Umma matsamin, ta dafa gwiwa ta tashi. "Umma, ba ni carbin nan naki, da mayafi fari. Ni ba zan yi baiwa ba, na gaji da ganinta. Uwargijiya zan yi."

Ta shiga ɗakin Umma, muka ji shiru. Da ta ɗaga labule ta fito, wata mata ce daban. Ta ƙara tsawo, ban san ta yaya ba. Ta ɗage haɓa, tana jan ƙafar hagu kaɗan, carbi na lilo a hannu, leɓenta na motsi kamar mai tasbihi, idonta kuwa yana ƙirga kwanukan da ke shanye. Ta tsaya a tsakiyar gida ta yi gyaran murya siririya, ta yi magana ba tare da ta dubi kowa ba.

"Subhanallahi, subhanallahi, wa ya bar tsintsiya a nan, subhanallahi, ke, hannunki ciwo yake yi?"

Mu yara muka fashe da dariya don abin ya ba da dariya. Goggo ba ta yi ba. Ta sauke muciya, farar ƙasa na tsattsagewa a goshinta, ta ce a hankali, "Iya, wannan ai kakata ce."

"Ita ce," in ji Iya da muryarta ta kullum. "Na yi kuskure a wani wuri?"

Goggo ta dubi ƙafar Iya. Can ta ce, "Ƙafar dama take ja."

"Hagu."

"Dama, Iya. Ni nake matsa mata ita."

"Ni kuma ni nake wanke takalmin, na san wanda yake cinyewa."

Goggo ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata ta hanci. Ta zauna a kan turmi tana yi har malafar ta faɗo. Da ta nutsu ta ce, to in dai za a fito da kakarta a gaban dangin amarya, ba za a bar Inna a hannun waɗannan yaran da ba su san ta ba. Inna ita ce mahaifiyar Iya. Ita ta goyi Goggo tun tana jaririya, a ɗakinta ta yi wayo, a kwanonta take cin tuwo har aka yi mata aure.

"Ni zan yi ta," in ji Goggo.

Umma ta ce, "Ke da kike fara?"

"Murya zan yi, ba fata ba."

Ta wanke fuskarta a bakin rijiya, ta tuɓe kwat, ta ɗaura zane a ƙirji. Ta sa aka kawo mata kwalli ta zana tsaga a kumatunta, ƙanana ƙanana, daga gefen baki zuwa kunne, Iya na gyara mata inda ta karkace. Ta ɗauki taɓarya. Da ta buɗe baki, Hausarta ta sauya, ta zama mai nauyi, tana mayar da mace namiji da namiji mace, irin ta wanda ya koya da girma. Daga nan ta fara daka tana waƙa da wani yare da babu mai ji a cikinmu. Waƙa ce gajera mai komawa, da ita Inna take lallashinta. Goggo ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba, Iya ma haka, don uwarta ba ta koya mata yaren ba, kuma har Inna ta rasu ba ta iya faɗin sunan garinsu yadda wani zai gane ba. Abin da take tunawa kawai duwatsu, da rafi, da wata bishiya da ake ɗaura wa tsumma.

Iya ta saurara har ƙarshe, carbin na hannunta bai motsa ba. Sai ta ja ƙafar hagu ta matso, ta ce da siririyar murya, "Waƙa za mu ci, ko tuwo?"

Muka sake kwashewa. 'Yan matan da suka ƙi zama baiwa yanzu kowace so take a sa ta. Ɗiyar kawuna ta ce ita za ta yi 'yar baiwar, wato Iya tana yarinya, Iya ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta amince, amma ta sani ita ta fi ta kyau a lokacin.

Daga ranar takardata ta zama mafici. Kullum bayan la'asar in an sauke kasko sai mu yi gwaji, su biyun suna ƙirƙira suna musu, ni ina bin su da biro ina ƙoƙarin kamawa. In ruwa ya sauko mu kwasa a guje mu cunkushe a rumfar girki mu ci gaba. Ba duka ne abin dariya ba. Akwai wurin da uwargijiya take sauya wa yarinyar suna ranar da aka kawo ta, tana kiran sabon, yarinyar ba ta waiwayo ba, a maimaita, a maimaita, har ta waiwayo. Goggo, mace mai jikoki, ta durƙusa a ƙasa ta ba mu baya, kafaɗarta na ƙin juyowa. Duk sanda aka zo nan tsakar gida yakan yi tsit. Iya da kanta take kashe shirun, ta ce a yi sauri man gyaɗa na jira.

Abu ɗaya na riƙe daga wasana na farko, ƙarshensa. Na rubuta cewa uwargijiya tana kwance za ta mutu, ta kira baiwa ta 'yanta ta, suka rungume juna. Na karanta musu.

Iya ta ce, "Wa ya 'yanta wa?"

Na ce, "To ya aka yi?"

Ta ce bayan Nasara sun ci gari, an yi ta cewa duk bawan da yake so ya tafi babu mai tare shi. Inna ta daɗe tana ji. Wata safiya ta ƙulle kayanta a zane, ta goya Iya, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta kai har Ƙofar Mata. A nan ta tsaya, ga hanyoyi, ba ta san wadda ta biyo aka kawo ta ba. Ta zauna a gindin ganuwa har rana ta take. Ta sayi rogo ta ci. Sai ta juyo gida, ba ta shiga ɗakin bayi da ke bayan turken awaki ba, ta je ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin kusa da rijiya, wanda aka gyara don baƙi. Uwargijiya ta zo ta tsaya a kanta. Inna ta ce mata, daga yau ba na daka. Kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara taɓa taɓarya ba. Ta yi raino, ta yi girki in ta ga dama, ta yi sana'ar alkaki, amma daka ta gama.

Goggo ta ce, "Wallahi ban taɓa ganin ta da taɓarya ba. Ni na zaci ciwon kafaɗa ne."

"To ga ƙarshen wasa," in ji Iya. "Ni kuma sai in ɗauki taɓaryar."

Ranar yini gidan ya cika har bakin zaure. Dangin amarya sun zo daga Sheshe cikin atamfa iri ɗaya, turare na tashi, yara a kan katanga ana koro su. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi sanyi. Muka ɗaura zanen gado a igiyar shanya ya zama labule. Ni na fito na yi bayani da irin Hausar rediyo, babu wanda ya saurare ni. Iya ce ta ja hankalinsu. Tana fitowa da carbi da ƙafar hagu, tsofaffin unguwa suka fara taɓa juna, wata ta rufe baki da mayafi ta ce, "La ilaha, ga marigayiya." Da Goggo ta fito da tsagar kwalli da zane a ƙirji, dangin amarya, waɗanda ta gama yi wa taƙama da asalin gidanmu ranar kai lefe, suka rasa ko dariya za su yi ko sunkuyar da kai. Dariyar ce ta yi nasara.

A wurin sauya suna wata dattijuwa daga cikinsu ta tashi ta ce za ta je alwala, ba ta dawo ba sai da aka gama. Ban san dalilinta ba, ban kuma tambaya ba. A wurin waƙar, wata tsohuwa da ke zaune a gaba ta fara gyaɗa kai, ta kama wani yanki ta bi da baki. Bayan an tashi ta ce kakarta na yin mai kama da ita. Suka zauna da Iya suna gwadawa, wannan ta rera, wannan ta rera, suka ga farkon ya yi kama, sauran bai yi ba. Ita ma ba ta san yaren ba. Suka rabu a kan Iya za ta aika mata da alkaki.

Ƙarshen ne ya tayar da gidan. Goggo ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ɓare goro, ta ce da muryar Inna, "Daga yau ba na daka." Iya ta zagaya ta, ta yi subhanallahi, ta yi barazana, ta yi lallashi, ta kira maigida ba ya nan. Yunwa ta kama uwargijiya. Ta rataya carbi a wuya, ta kama taɓarya da 'yan yatsu kamar za ta cije ta. Ta ɗaga, nauyin ya ja ta baya. Ta sauke, ta sami bakin turmi, gero ya watse, kaji suka rugo da gaske, ba mu shirya da su ba. Tana korar kaji tana salati, mayafi ya sarƙe da taɓarya, Goggo kuwa daga tabarma tana ba ta umarni a nutse, ki ɗan matsa, ki sa ƙarfi, hannunki ciwo yake yi? Mata suka yi ta faɗuwa a jikin juna. Wata ta yi guɗa. Uwar amarya ta tashi ta liƙa wa Goggo kuɗi a goshi, sannan ta tuna ta koma ta liƙa wa Iya. Kafin magariba maganar ta fita lungu, 'yan mata na wanke-wanke suna ce wa iyayensu daga yau ba na daka, ana bin su da tsintsiya.

Baba ya ji ihun daga zaure, ya kuma ji labarin a masallaci. Washegari da hantsi ya shigo fuska a ɗaure, ya ce an ce an yi wasa da kakarsa a gaban surukai. Na fara neman hanyar ɗaki. Iya ta miƙa hannu ta karɓi carbinsa, ta ɗage haɓa, ta ja ƙafa ta wuce ta gabansa, ta ce da siririyar murya, "Kai, wa ya ce ka shigo min da takalmi?" Baba, mai furfura a gemu, ya dubi ƙafarsa kafin ya ankara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amma fa tana da kirki wani lokacin." Iya ta ce, "Wani lokacin," ta mayar masa da carbinsa.

Ranar muka yi ta wankin tukwanen biki ni da ita a bakin rijiya, ina ja mata ruwa tana dirza da toka. Raina fal, ina ta lissafin yadda zan gyara rubutun in kai wa malamarmu, har ina hango kaina a gidan talabijin. Na ce mata ina so in rubuta wurin dakan daidai yadda ya faru, ta gaya min ko da gaske gero ya zube.

Ta ce, "Wane gero?"

"Ranar da kakar Baba ta yi daka."

"Ita? Ba ta taɓa yi ba. Ko kwana biyu ba a yi ba aka kawo wata yarinya daga gandu, ita ta ci gaba. Ƙarama ce, sai ta taka dutse take kai bakin turmi."

Na tsaya da guga a hannu. "To ina yarinyar?"

"An yi mata aure can ƙauye. Ban ƙara jin labarinta ba." Ta juya tukunya ta kama ɗaya gefen.

"Me ya sa kika sa ta daka a wasan, Iya?"

Ta ɗago ƙananan idanunta, dariya na wasa a cikinsu. "Na daɗe ina so in ga ta yi. Jiya na gani, har da kaji."

Na tambaye ta to wanne zan rubuta. Ta ce wannan ni ya dama, ni ce mai biro, amma in zan sa yarinyar in nemo wadda za ta yi ta da kyau, kada in ba wa mai kuka kawai, don yarinyar akwai tsiwa. Goggo ta leƙo daga ɗaki, kwallin bai gama fita daga kumatunta ba, ta ce in dai akwai wani wasan ita fa ba za ta koma Bature ba. Iya ta ce ta fara zuwa ta kama mana tukunya tukuna, ta zo tana mita, muka kife su a rana.